Biron Tawada a Hannun Kafinta

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya. Ya jikin Yaya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai kewarki, sai kuma tukunya ɗaya da ta rasu a hannuna, amma ba ta'aziyyarta ce ta sa na ɗauki takarda ba.

Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba kya bari in kai aya. Ki yi haƙuri da hannun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin san biron 'yarki Tawada, wanda take zane da shi a baƙin allon nan, hoto ya fito a kwamfuta. Kin kuma san littafin yaran da matar kamfanin buga littattafai ta ba ta, har da hoton bango, inda za a sa sunanta a karon farko. Ƙarshen makon nan za ta miƙa. To, jiya ta yi ƙorafin bakin biron ya cinye yana ƙarzar allo, ta ajiye shi ta fita.

Ki faɗa min tsakani da Allah, kafinta ya ga abin rubutu ya dushe, me zai yi? Na ɗauko reza na fiƙe shi kamar fensir. Bakin ya karye, guntu ya maƙale a ciki. Na murɗa jikin don in ciro guntun, sai na ji ƙas. Ciki ba tawada, ba batir, sai wani siririn abu baƙi kamar gawayi, an naɗe shi da waya mai kaurin gashi.

Ban rikice ba. Na ɗura gam, na mayar da bakin, na ɗaure biron a ƙarfen da nake matse ƙafar kujera da shi. Da ya bushe na goge shi tas, ko ke ba za ki ga tsagar ba. Kada ki gaya mata. Idan ta yaba, ni zan faɗa da kaina.

Ki gaida Yaya da mutanen gidan.

Mijinki,
Kafinta

*

Maman yara,

Bayan gaisuwa, ya mai jiki? Ke kuma ya gajiyar jinya? Ni lafiyata ƙalau, abin da ya fi damuna ke nan, don da ina da zazzaɓi da na sami abin fakewa.

Biron yana rubutu. Ki riƙe wannan a matsayin labari mai daɗi, don babu wani bayansa.

Ashe shi biron nan yana jin nauyin hannu. In Tawada ta taɓa a hankali layi ya fito siriri, in ta danna ya yi kauri. Yanzu kowane layi kamar katakon rufi yake fita, tun ma kafin bakin ya taɓa allo. Ta zo yi wa kyanwar littafin gashin baki, sai ga kyanwa ɗauke da azara.

Ina tsaye da kofin shayi ta murɗe ɗan mazaunin da take soke biron a ciki. Maman yara, sababbin bakuna ne jere a ciki! Zare tsohon ake yi a sa sabo, aikin da bai kai cire ƙaya ba. Ta ja, ya ƙi fita. Ina zai fita? Gam ɗina bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar.

Sai ta tuna biron ya taɓa suɓuce mata ya faɗi ƙasa. Ta dafe kai tana cewa ita ta jawo wa kanta, ita dama ba ta iya riƙe abin kirki ba. Nan ne ya kamata in yi magana. Na kuwa yi. Na ce mata ai shi ya sa nake cewa a dinga kula da kaya.

Ta ce gaskiya ne, Baba, ta ba ni haƙuri. Ni ta ba haƙuri.

Ta zaga shaguna, irinsa sai an yi oda, ba zai iso ba sai bayan lokaci ya wuce. Yau na je shago na yanke katakon mutane ba daidai ba, na dawo. Abinci ma a tsaye na ci, kujerar da na ƙera da hannuna ta ƙi zaunuwa.

Ki sa mu a addu'a, ni musamman.

Naki,
Kafinta

*

Maman yara,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin jin Yaya ta fara takawa, Allah ya cika mata lafiya. Amsarki ta iso, na karanta, na kuma gode da ba ki ba direban da ke kai mana takardu saƙon da baki ba.

Na gaya wa Tawada gaskiya, da safe, kafin in sami damar canza ra'ayi. Na shirya 'yar barkwanci da zan shiga da ita, amma da na ga idanunta sai ta gudu ta bar ni. Ba ta yi ihu ba. Ta ce karya biron bai dame ta ba, kowa yana ɓarna. Tambaya ɗaya ta yi min, wai da take kuka tana zagin kanta, ina kallonta ko? Na ce ina kallo.

Gyaran ita ta yi. Ta nemo bidiyon yadda ake buɗe shi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, ta ɗauko allurarki da ruwan goge farce. Aikina riƙe tocila. Ta bi gam ɗin tana ɓanɓarewa kaɗan kaɗan har ta isa ɗan faifan da ke jin nauyin hannu, wanda na binne da rai. Baƙin abin nan kuwa ya rabe biyu, matsewar da na yi ce ta fasa shi. Ta haɗa shi da ɗigon gam wanda ko ƙuda ba zai kama ba. Sau ɗaya na buɗe baki zan ba da shawara, ta ɗago ta dube ni, na gyara riƙon tocila.

Siririn layi ya dawo, sai dai yana ɗan rawa. Da shi ta ƙarasa hotunan ciki, a makare. Matar kamfanin ta karɓa, amma bangon ta riga ta ba wani. Sunan Tawada yana ciki, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.

Tana gaishe ni kullum da ladabi, har da rusunawa. 'Yar da take ce min Injiniya tana dariya, yanzu sannu Baba kawai. Gara ta zage ni.

Ga roƙona. Na san ki, kina ajiye jaka za ki kira ta ɗaki ki ce ubanki ne, ki yi haƙuri. Don Allah kada ki ce. Ta riga ta ba ni haƙuri sau ɗaya a kan laifin da ba nata ba, wannan ya ishe ni ɗauka. Ki bar ta ta yi fushinta har ya ƙare da kansa. Ina nan, ba inda za ni.

Ki gaida Yaya. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki,
Kafinta