Kawu Hamadu Zai Zo Neman Gafara

Hadje Haoua, don girman Allah ki taimake ni, kwana tara suka rage mini kuma ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ni malamar firamare ce a nan Garwa, da aurena da 'ya'ya uku. Tun ina ƙarama ba na iya tsallaka gadar Binuwai ido buɗe. Da mota ta hau kanta sai numfashina ya ɗauke, zufa ta keto mini, hannuwana su sandare. Da ina lallaɓa abina, don ba abin da ke kai ni ƙetare. To bana aka mayar da ni aiki Ngong, dole in bi gadar nan duk mako. Sau biyu ina suma a mota, har direbobin tasha sun san ni, suna ajiye mini kujerar tsakiya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, shiru.

Asalin abin kowa a gidanmu ya sani, amma ba a zancensa. Ina shekara shida yayata Halime ta ɓace a kogin. Mun bi Kawu Hamadu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda ke haƙar yashi da kwale-kwale, mu uku kawai a wurin. Ba a ga gawarta ba. Aka ce ruwa ya ci ta, aka yi sadaka, aka rufe maganar. Ni ban tuna komai na ranar ba. Da mahaifinmu ya rasu, Kawun nan ne ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni.

Martine abokiyar aikina ce ta kai ni wurin wani Dokta Parfait, mutumin kudu da ya buɗe ofis a saman wani shago. Ta ce shi ya raba mijinta da taba. Aikin nasa ipnoz suke ce masa. Zai zaunar da ke, ki kafa ido wuri guda, yana magana a hankali har jikinki ya yi nauyi, ba barci kike ba, ba kuma a farke kike ba. Gaskiya zama biyun farko na ji daɗinsu, na tsallaka gada ban suma ba. A na uku ya ce sai an tono saiwar ciwon. Da na dawo hayyacina fuskata sharkaf da hawaye. Ya ce na bar Faransancin da muke yi na koma Hausa da muryar yarinya, ina ta maimaita magana guda. Shi Hausarsa ta kasuwa ce, amma ya rubuta a takarda ya nuna mini: kada ya ja ta. Ya ce roƙo nake yi kada wani ya ja yayata cikin ruwa, saura mu gano ko wane ne.

Daga nan kowane zama tambayar ke nan. Wane namiji ne a wurin, ina hannunsa yake, me ya sa nake kare shi. A zama na shida na gan shi, Hadje. Na ga Kawu a bakin kwale-kwale, hannunsa a wuyan rigar Halime. Yanzu ko a aji na rufe ido hoton yake zuwa, kullum kuma ƙara fitowa yake, har launin hularsa nake gani. Na roƙi Dokta ya kunna mini muryata da ya ɗauka a waya, ya ce ƙwaƙwalwata ba za ta ɗauka ba tukuna. Ya kuma ce kada in gaya wa maigidana, wai zai ɓata aikin.

Ga shi Kawu zai tafi Hajji. Yana zagaya dangi neman gafara kamar yadda aka saba, Juma'a ta sama gidana zai zo, da mahaifiyata da matarsa. Dokta ya ce ranar ce maganina, in tsare shi a gaban kowa in faɗi abin da na gani, in ba haka ba ciwon zai dawo ya fi da. Jiya na hango shi a kasuwa yana taya jaka, ya ɗago mini hannu yana murmushi, na juya na bi wani layi. Tsoronsa nake ji, kunyar kaina kuma nake ji. In na yafe masa na ci amanar Halime, in na faɗa kuma ba haka aka yi ba, ina zan sa kaina?

Mai tsoron gada, Garwa

Amsar Hadje Haoua

Ƙanwata, sannu. Ki fara da wannan: ranar Juma'a kada ki tuhumi kowa.

Ipnoz ba sihiri ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa na gaskiya suna amfani da shi wajen rage fargaba da raɗaɗi, kuma sauƙin da kika samu da farko ba ƙarya ba ne. Amma ba ya buɗe abin da ya wuce kamar an kunna kaset. Mutum a wannan hali saurin karɓar magana gare shi. In aka yi ta tambayarsa abu guda, ƙwaƙwalwa takan ƙera hoto ta ba da amsa, mai shi kuma ya rantse ya gani. Fitowar hoton ƙarara ba shaida ba ce.

Yanzu ki sake duban takardar nan, ki karanta ta da bakin Bahaushiya. Kada ya ja ta. In kin gajarta "ya", roƙo ne. In kin tsawaita ta, labari ne: kada, na cikin ruwa, shi ya ja ta. A rubuce ɗaya suke, a kunnen mai Hausar kasuwa ma ɗaya suke. Yarinya 'yar shekara shida a bakin Binuwai, ga shi ba a ga gawa ba, wanne kike ganin ta fi kusa da faɗa? Ban ce lallai haka aka yi ba, ban kasance a wurin ba, kuma ba zan wanke Kawunki da alƙalami ba. Abin da na ce shi ne, mai yiwuwa zama uku aka yi ana neman mutum a cikin maganar da ba mutum a cikinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai maganin. Ya hana ki jin muryarki, ya raba ki da shawarar mijinki, ya tsoratar da ke da dawowar ciwo. Likitan kirki ba ya haka. Ki daina zuwa. Ki gaya wa maigidanki komai yau, ku je tare ku nemi muryar, in ya hana kun san matsayinsa. Sannan ki je asibiti ki nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, don tsoron gada irin naki ana maganinsa ba tare da an tono kowa ba.

Haƙƙinki ne ki san yadda yayarki ta rasu. Kafin Juma'a ki je wurin mahaifiyarki, ku biyu, ki ce ta ba ki labarin ranar. Ki yi wa Kawu irin wannan tambaya a keɓe, kada ki ambaci abin da kika gani, ki bar shi ya yi magana. In kin ji abin da ya tsaya miki a rai, akwai manya, akwai hukuma, kuma ba ƙurewar lokaci. Tsoho ne zai yi tafiya mai nisa, ba kowa ke dawowa ba. Abin da kika faɗa masa a gaban 'yar'uwarsa da matarsa shi zai tafi da shi, wataƙila kuma ba za ki sake ganinsa ki janye ba.

Allah ya jiƙan Halime, ya ba ki lafiya, ya tsare harshenki ranar Juma'a.