Ganyen Isale

Litinin, 6 ga Maris
Yau guduma ta suɓuce min a gaban ma'aikatana. Ni Elisante Lyimo, da na fara walda a garin Moshi da injin aro. Na ce maiƙo ne a ƙotar. Babu wani maiƙo.

Alhamis, 9 ga Maris
Aikande ta zo daga birnin Dar. 'Yata, likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Rubuce-rubucen bincikenta duk na sa an yi musu gilashi na jera a bangon ofis, ko da yake Turancin ya fi ƙarfin wanda ya tsaya a aji huɗu na sakandare. An ce likitocin Indiya da Jamus ba sa maganar ciwon shanyewar tsoka a Afirka ba su ambaci sunanta ba. Lyimo, sunana ke nan.

Ta ce in matse yatsunta. Ta ce in fito da harshe. Ta daɗe tana kallon damtsena yana motsi shi kaɗai. Sai ta miƙe, wai za ta duba shayi. Ba wanda ya ɗora shayi.

Lahadi, 19 ga Maris
An gama gwaje-gwaje. Shi ne. Ciwon da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa.
Na ce, "To madalla, ya zo gidan masu shi. Rubuto magani."
"Baba, babu. Sai mai ɗan jinkirta shi."
"Takardun nan na bango fa?"
"Suna faɗin yadda yake tafiya ne."
Yadda yake tafiya. Hannu, ƙafa, harshe, numfashi.

Talata, 4 ga Afrilu
Abokina Shirima, a wurin shan mbege, giyar ayaba: "Uban farfesa, duniya na karanta 'yarka, kai kuma ƙwarya ta gagare ka." Ya riƙe min na sha. Da a ce hannun na aiki da na watsa masa a fuska.

Asabar, 15 ga Afrilu
Akwai binciken da Aikande take jagoranta. Duk wata ana ɗaukar majiyyata a bidiyo, suna tafiya, suna magana, suna sa maɓallin riga. Wai littattafan duk a kan Turawa aka rubuta, namu ba wanda ya taɓa bin su daga farko har ƙarshe. Ita ba ta nemi in shiga ba, abokin aikinta na asibitin nan, Dakta Mrema, shi ya zo da maganar. Na tambaye shi ko hakan zai warkar da ni. Ya ce a'a. Na ce to ni ba abin kallo ba ne, ɗalibai su zauna suna kallon Lyimo yana zubar da miyau.

Lahadi, 16 ga Afrilu
Maman Aikande na dawowa daga coci ta tsinko ganyen isale a shinge, ta ƙulle shi, ta durƙusa ta miƙo min. "Baban Aikande, ka je." Wanda aka roƙa da isale ba ya cewa a'a. Kakana ma bai taɓa ba. Na karɓa, na ce na yarda.

Ta kira 'yar tana murna. Ina jiyo muryar: "Mama, wannan ba yarda ba ce. Wanda aka ɗaure da ganye ba ma sa shi a bincike." Uwar ta ce bokon nan ya yi yawa. Aikande kuma ta ce ko an kai ni ba za a ɗauke ni ba.

Taurin kan nan na san inda ta samo shi.

Laraba, 3 ga Mayu
Ugali, tuwon masararmu, da cokali. Da hannun hagu.

Alhamis, 11 ga Mayu
Ina son faten ayaba, na ce "mtori", Maman Aikande ta ce me. Sai da na maimaita. Harshen ya fara.

Juma'a, 19 ga Mayu
Na sa kwat, na hau bajaji, keke mai ƙafa uku, zuwa asibiti, ban gaya wa kowa ba. Ba don wani abu ba, zaman gidan ne ya ishe ni. Na ce wa Mrema ya duba aljihuna, babu ganye. Ya karanta min sharuɗɗa, na dangwala, tunda sa hannun ya daina kama da nawa.

Ƙafar abin da suke ɗora kyamarar tana rawa, waldar banza ce, na gaya masa. Da aka zo kan maɓalli na daɗe ina fama. Ya kai hannu zai kashe, na ce ya bari, ya ɗauka yadda yake tafiya.

Na biya ofishina na sa an kafa ƙusa ɗaya a bango, kusa da takardar ƙarshe, don takardar wannan binciken. Mrema ya ce irin wannan rubutu sai an yi shekaru kafin ya fito. Ƙusa ce kawai, ba ta cin abinci.