Fuskar da ke Gefen Hoto

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada hankalinki ya tashi don kin ga takarda maimakon kira. An ɗaure mini muƙamuƙi da waya, ba halin magana. Ke da kike cewa bakina ba ya hutawa, to ga shi addu'arki ta ci.

Ranar Talata jaridarmu ta tura ni wani bene da mai shi ya ɗauko ƙarti su fitar da 'yan haya. Na ɗaura wa kyamara gilashin nan mai faɗi. Shi sai ka matsa har numfashin mutum ya taɓa ka, sannan ya cika hoton da fuskarsa, ya kuma kwaso duk abin da ke bayansa. Amma yana da mugun hali: abin da ke kusa, can nesa yake nuna maka shi.

A ƙasan matakala na tarar da wani tsohon tela, an wurgo shi tare da keken ɗinkinsa. Jini na bin gemunsa, shi kuwa yana ta lalube yana tattara zare. Na durƙusa dab da fuskarsa ina ɗauka. A gefe na hango wani riƙe da rodi, ɗan mitsitsi kamar yana ƙarshen baranda. Na ce da sauran lokaci. Ashe yana kanmu. Bugun farko a kan tsohon ya sauka, na ji ƙarar kamar an fasa tulu. Na biyu nawa ne. Haƙorana huɗu na bari a wurin.

Kyamara ta farfashe, amma katinta mai ajiye hotuna ya tsira. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki, Auta.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya.

Telan ya rasu shekaranjiya. Jiya na sa katin a kwamfuta. Gefen hoton ya yi duhu, kuma gilashin ya ja fuskar mai rodin ya lanƙwasa ta, ba a gane ko waye. Na ƙara haske a inuwar, na miƙe lanƙwasar a hankali, kamar yadda nake yi kullum. Sai ga tabon ƙunar nan na gefen wuya. Sai ga idanun mahaifinsa.

Yaya, Dogo ne. Ɗanki, wanda ya ce miki aikin gadi ya samu.

Hotuna bakwai ne a jere. A na biyar idonsa yana cikin nawa. Ya gane kawunsa sarai, sannan ya ɗaga ƙarfen. Na yi amai ta tsakanin wayoyin bakina har na kusa shaƙewa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Naki, Auta.

*

Yaya,

Saƙonki ya iso. Ina fatan kin samu kin ci wani abu.

Kin ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kin tuna mini ke kika goya ni bayan rasuwar Inna. Kin ce tunda ina goge ƙuraje a fuskar amare, in goge Dogo daga hoton. Wallahi na gwada. Minti goma bai cika ba na share shi tsaf, na cike gurbin da bango. Sai ya zama tsoho ne kawai da fasasshen kai, shi kaɗai, kamar santsi ne ya kwashe shi. Abin da mai benen ke faɗa wa mutane ke nan.

Da safe 'yar telan ta zo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ana cewa babanta faɗuwa ya yi, ita so take ta ji daga wanda yake wurin. Ni ba baki, sai na juya mata kwamfutar. Na asalin na nuna mata.

Katin yana hannun 'yan sanda, ni na ba su. Da jinina kaɗai ya zubar, da na yafe saboda ke, ko da zan ƙare rayuwata da cokali da ruwa-ruwa. Ina son ki, kuma na san ba za ki sake buɗe takardata ba.

Ki ce masa ya kai kansa kafin su zo. Idan suka zo, a gabanki za su doke shi.

Ƙaninki har abada, Auta.