Khaire a Filin Tokha

Baneshwor, Kathmandu
Ana gab da Tihar, bikin fitilu

Zuwa ga ɗana Ujjwal,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a Sydney. Yaya karatu, yaya aikin otal ɗin? Kana zama ka ci shinkafa da miyar dal kamar mutum, ko har yanzu burodi ne a tsaye? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar babanka da ta fara jin sanyi. Da hannuna na rubuta wannan, Anjila 'yar ƙanwata za ta ɗauki hotonta ta tura maka. Magana mai nauyi takarda take so.

Zancen karenka ne. Tun da ka tafi Khaire yake kwance a bakin ƙofa, ya yi ƙiba, ya cinye takalmin babanka. Ka ce a riƙa kai shi inda zai yi gudu ba igiya, har ka turo sunan wani filin karnuka a tsallaken kogi. Na je da shi, ni da babanka, kada ka ce ban je ba. Akwai katanga, ƙofa biyu ce, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, an kuma ware wa ƙananan karnuka gefensu. Duk na gani. Na kuma ga 'yan mata da gajeren wando suna shan sigari a kan benci, da wani saurayi da ya ɗora kai a cinyar wata da ko alamar aure babu a tsagar gashinta. Wata ta rungumi kare kamar jariri tana ce masa "zo wajen Mami." Ta dube ni ta ce, "Anti, naku wane iri ne?" Na ce irin bakin kwata ne, can ɗana ya tsinto shi. Suka kwashe da dariya. Da na ja igiya za mu fita babanka ya ce, "Ke, kare muka kawo, ba suruka muka zo zaɓe ba."

Anjila ta kai ni wani filin kuma a saman rufin kanti, ciyawarsa ta roba. Ban ko zauna ba.

Wanda na zaɓa yana bayan gari, a Tokha, ƙasa da wurin bautar nan da ke gindin tudu. Fili ne mai faɗi, ciyawa ta gaske, iska mai kyau. Dattawa ke motsa jiki a wurin da safe, mata da mayafinsu, kowa ya gan ka sai ya haɗa hannu ya gaishe ka. Masu karnuka na zuwa, amma mutanen kirki ne. Katanga kam babu ta gefen hanya, sai 'yan itatuwan gora. Babanka yana ta magana a kan wannan, na ce masa abin da aka yi wa tarbiyya ba ya buƙatar katanga, ko kare ko ɗa. Kai ma ka riƙe wannan a inda kake.

Ka gai da yaron nan na garin Dharan da kuke ɗaki ɗaya. Ubangiji ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Bhagwati Khadka

*

Baneshwor
Bayan Tihar

Ɗana Ujjwal,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake ba ka ba ni hanyar sani ba. Na kira ka ranar kunna fitilu, na kira ka ranar 'yan'uwa, ba ka ɗauka ba. Anjila ta ce ta riga ni gaya maka. Ba ita ya kamata ta faɗa ba, amma tunda ta faɗa, ka ji yadda abin ya faru daga bakin wadda take wurin.

Ranar karnuka, wadda ake girmama su a cikin bikin, na tashi da sassafe na yi wa Khaire wanka. Na dafa masa ƙwai da nama, na soya sel roti, ƙuli-ƙulin shinkafar nan na biki, na saƙa masa sarƙar furanni da hannuna, ba ta kasuwa ba. Da na zo sa masa jan tika, ɗigon albarka, a goshi sai na ga abin wuyan nan na fata da ka saya masa, mai ɗan ƙarfe da ka sa aka rubuta lambar wayar babanka. Ka san ba a zama wurin bauta da fatar saniya. Ko ɗamarar wandonka kake cirewa tun kana yaro, ni na koya maka. Na kwance shi na rataye a ƙusa bayan ƙofa, na sa furanni a gurbinsa. Da za mu fita babanka ya ce a mayar masa. Na ce yau ranarsa ce, a bar shi da tsarkinsa har yamma. Na ɗaura masa igiyar shanya kawai.

Muka hau tasi zuwa Tokha, don na ce babu kyautar da ta fi a bar shi ya yi gudu a ranar. Na kwance igiyar. Ujjwal, da ka ga gudun da ya yi. Ban taɓa sanin haka yake ba. Muna tsaye muna kallo wasu yara a bayan gora suka kunna abin wasan nan mai fashewa, da rana tsaka, a kusa da wurin bauta, don iyayen yanzu ba sa tsawatarwa. Khaire ya ɗaga kunne, ya bi ta tsakanin gora ya faɗa hanya. Babanka ya bi shi da gwiwar nan tasa, bai yi nisa ba ya zauna a ƙasa.

Na shiga gari ina tambaya, ko an ga kare ruwan ƙasa da furanni a wuya da jan tika a goshi. Wata mai sayar da shayi ta ajiye ludayinta ta ce, "Yaya, yau kuwa? Juya ki duba." Na juya. Kowane kare a layin, na gida da na titi, furanni ne a wuyansa, ja ne a goshinsa, rabinsu kuma ruwan ƙasa. Na kira sunansa, uku suka taso, don kowa a garin nan Khaire yake kiran kare mai wannan launi. Mutane na ta ajiye musu abinci a ƙofar gida. Ba wanda zai kalli kare a ranar ya ce ɓata ya yi.

Kullum tun daga nan muna zuwa. Anjila ta manna hotonsa a jikin turakun lantarki. Abin wuyan yana nan a ƙusa, babanka ba ya kallon wajen, ni ma ba ya kallona sosai.

Ba zan ce cire fatar kuskure ne ba, haka uwata ta yi, haka za a yi baɗi. Amma an nuna mini fili mai ƙofa biyu, na tsaya kallon wandon 'ya'yan wasu. Ba su aka ba ni amana ba.

Duk da haka ɗa ba ya ƙin ɗaga wayar uwarsa a ranar biki. Wannan ba hali ba ne.

Mahaifiyarka,
Bhagwati

*

Baneshwor
Tsakiyar watan Mangsir, farkon sanyi

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zafin can bai dame ka ba, an ce mini yanzu ku rani kuke ciki. Babanka yana gaishe ka, na san kuna magana da shi. Ba na jin haushi, ko ba komai ina jin labarinka a bakinsa.

Na ga Khaire. Ban bari kowa ya gaya maka ba, na ce wannan karon ni zan faɗa.

Mai shayin nan, sunanta Maiya, ita ta aiko a kira ni. Yana bayan rumfar wani mahauci a gangaren Tokha, cikin wasu karnukan titi. Ya rame, akwai tabon cizo a kafaɗarsa da ya fara warkewa. Masu kama karnukan titi su yi musu allura sun kama shi, sun yanke masa gefen kunne ɗaya yadda suke yi don shaida, suka mayar da shi inda suka same shi. Ba laifinsu ba ne, babu abin da ya nuna yana da gida. Na gane shi da farin nan na ƙafarsa ta hagu.

Na kira shi. Ya dube ni, ya kaɗa jela sau ɗaya kamar yadda ake yi wa maƙwabci. Na ajiye nama ya zo ya ci. Da na miƙa hannu da igiya sai ya ja baya, ya koma cikin 'yan'uwansa. Washegari na koma da babanka, haka aka yi. Mahaucin yana dariya ya ce, "Mama, kin tabbata naki ne? Ni ban ga ya san ki ba." Maiya ta ce masa, "Rufe mana baki, kai ma matarka ba ta tasowa in ka kira."

Na dawo a mota ina tunanin maganar mutumin. Shekarun nan da Khaire ya yi a gidanmu ban taɓa barin sa ya kwana da yunwa ba, ban kuma taɓa shafa kansa ba sai ranar da al'ada ta ce a shafa. In ya leƙo ɗakin girki tsintsiya nake ɗagawa. Abin da ya sani a muryata shi ne "fita" da "sauka." To me zai biyo? Ban tsaya a kan kare ba a tunanin nan, amma sauran ba na takarda ba ne.

Anjila ta ce a kira masu raga su kama shi. Na ƙi. Masu allura sun riga sun jefa masa raga sau ɗaya, ba zan sa a ja shi gida yana kuka kamar ɓarawo ba. Sanyi kuma yana ƙaruwa a gindin tudun nan, manyan motocin yashi na bin hanyar ba sa taka birki don kare.

Ga abin da nake roƙo. Ka ɗauki muryarka a waya, ka yi masa fiton nan da kake yi in ka dawo daga makaranta, wanda nake hana ka yi a cikin gida, ka kira sunansa yadda kake kira. Ka tura wa Anjila. Ni zan je da kaina in durƙusa a bayan rumfar mahaucin in kunna masa, ko sau nawa ne, ko duk Tokha za su taru su kalle ni. Idan ya biyo, ranar Asabar zan kai shi filin tsallaken kogi, in biya, in zauna a benci ɗaya da 'yan matan in yi shiru.

Ba sai ka ce mini komai a ciki ba. Shi kaɗai ka kira.

Ubangiji ya yi maka albarka, ya kare ka a inda idona ba ya kai.

Mahaifiyarka,
Bhagwati Khadka