Nauyin Yaya da Sifirin ɗin Keke

Yaya,

Ka gafarce ni da damun ka. Ina fata kai da Inna da yara kuna lafiya. Ni lafiya lau. Ramar da kuka gani a hoto ta rage mini wahalar hawa bene.

An ce keken lantarkin da na aiko yana durƙushewa idan ka gangaro tudu. Ƙasidar kamfani ta ce kada sifirin ɗin baya ya lotsa fiye da sulusi idan an zauna. Bisa kilo saba'in ɗin da ka faɗa na zaɓe shi, alhali Inna ta ce wandunanka duk sun matse ka. Ƙashin bayanka nake jiye wa. Tabbas sifirin mai tauri zai gyara, sai dai ina roƙon abu biyu:

1. Ka hau sikeli da takalmi da jaka, a gaban matarka.
2. Ita ta rubuto mini adadin da hannunta.

Ƙaninka.