Kwaɗon 'Yata Ya Ƙi Cin Abinci, Mutane Sun Fara Guduna

Hajiya Maimouna, don Allah ki taimake ni da shawara, don abin da ke damuna ba na iya faɗa wa kowa a masallaci.

Ni mutumin Maradi ne, ina sayar da atamfa a kasuwar Château Rouge, muna zaune a Aubervilliers. 'Yata Ni'ima tun tana ƙarama dabbobi ne abin sonta. Bara ta sayo wani kwaɗo na kiwo, kore, mai faɗin baki, tana ajiye shi cikin akwatin gilashi. Na yi faɗa, na gaji, na ƙyale. Da ta samu jami'a a Lyon, aka ce ɗakin ɗalibai ba a shiga da dabba, sai ta damƙa mini amanarsa tana kuka.

To Hajiya, kwaɗon nan abu ɗaya kawai yake ci, wata farar tsutsa mai maiƙo da ake sayarwa a kantin dabbobi. Na kawo masa gyare, ya rufe ido. Na kawo fara, ta hau kansa ta zauna, bai motsa ba. Yanzu ƙafafunsa na baya suna rawa, bakinsa ya saki kamar ba ƙashi, launinsa ya yi duhu. In na shiga ɗakin da yake sai ya kafe ni da ido.

Na ga a waya cewa tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, tana gina wa kwaɗi jiki, sai na je wani lambu kusa da mu ina tono. Ashe Chaibou, maƙwabcina a kasuwa, ya gan ni durƙushe ina zuba tana a gwangwani. Tun daga ranar magana ta bazu cewa ina da wani abu a gida da nake ciyarwa, wai shi ke jawo mini ciniki. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya ya daina zuwa. A sahun salla, sai in ga an bar fili a gefena. Ranar Juma'a na tarar an barbaɗa gishiri a ƙofar gidana, ban san wa ya yi ba.

Matata Aishat ta daina shiga ɗakin, ta ce in jefa shi a kanal, babbar hanyar ruwan da ta ratsa garin, mu huta. Ni'ima kuwa duk ta kira sai ta tambaye shi, ni kuma in kawar da zancen. Ina tsoron ya mutu a hannuna, ina kuma tsoron abin da za a yi mini in ya rayu. Yaya zan yi?

Uban Ni'ima, Aubervilliers

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Matsalarka biyu ce, kuma ɗaya ta fi gaggawa.

Rawar ƙafa da sakin baki a jikin kwaɗo ba tsirfa ba ce, galibi alama ce cewa ƙashinsa yana laushi saboda rashin sinadarin kalsiyam. In aka bari, ba ya komawa daidai. Ka nemi likitan dabbobi da ke duba irin waɗannan halittu, a wannan makon. Kafin nan kada ka hora shi da yunwa, ya riga ya yi rauni.

Tsutsar nan a wurinsa kamar soyayyen abu ce a wurin yaro, daɗi ba amfani. Ka riƙa barbaɗa mata garin kalsiyam kafin ka ba shi. In likita ya yarda, ka rage ta a hankali. Kwaɗo abin da ke motsi yake kamawa, don haka ka riƙe tanar da hantsaki mai laushin baki kana karkaɗa ta a gabansa. Ka goga mata tsutsar da ya saba don ƙamshin ya kama. Ka ba shi sabon abu tun yana jin yunwa, sannan wanda ya sani ya biyo baya. Amma ka daina tono a lambu, ƙasar tana iya zama da maganin ƙwari. Ka saya a kanti. Gishirin nan kuma ka share shi tas, ka wanke hannu kafin ka taɓa akwatin, fatar kwaɗo ba ta jure shi.

Kada ka ga laifin Aishat. Ita ma tana fita cikin mutane, tana jin abin da ake faɗa. Sai dai jefa shi a kanal kisa ne, kuma masu magana za su ce ka ɓoye shaida.

Ɓoyon da kake yi shi ke ciyar da zargin. Ka gayyaci wani dattijo da ake jin maganarsa tare da Chaibou, su sha shayi a gidanka da rana, su ga akwatin da takardar likita. Wasu za su ci gaba da surutu, amma wanda ya kai ga zuba gishiri a ƙofarka yana iya wuce nan, shi ya sa nake so manya su sani tun yanzu.

Ka kira Ni'ima yau ka faɗa mata gaskiya. Ta fi ka sanin dabbar, kuma jirgin ƙasa daga Lyon ba nisa. Gara ta ji yana ciwo daga bakinka da ta zo hutu ta tarar da akwati wayam.

Allah ya ba shi lafiya, ya kare maka mutuncinka, ya sa ka sauke wannan amana lafiya.

Hajiya Maimouna