Karsanar Inna Tabawa

Maigida,

Sallama da gaisuwa, duk da na san babu motar da za ta kai maka wannan takarda. Yara lafiya lau. Ƙaramin ya shiga lakol, makarantar boko, ya kuma ɗauko taurin kanka kaf.

Maganar shafinmu na intanet na cigiyar bisashe ce ta sa na zauna rubutu. Ka tuna yadda muka fara? Ni ina gida ina gina shi a kan tsohuwar na'urata, kai kana bin kasuwanni a kan moto, babur ɗin nan naka, daga Dogon Dutsi har Dogon Kiriya, kana jin wa ya ɓatar, wa ya tsinta. Ban taɓa gaya maka ba, amma na yi kishin awakin nan. Sun fi ni ganin fuskarka.

Doka ɗaya muka kafa: in an tsinci dabba, ba a nuna ta duka. A faɗi launi da inda aka gan ta, a ɓoye shaida guda, tsagar kunne ko tabon ƙafa. Wanda ya faɗi abin da aka ɓoye, shi ne mai ita.

Bayan rasuwarka na samu aiki a Yamai, na damƙa shafin ga kwamitin ƙungiyar makiyaya. Maigida, da ka ga abin da suka mayar da shi! Hotunan shugaba a taro sun cika fuskar farko. Cigiya sai ta kwana biyu ba a saka ba. Duk wannan na haɗiye. Amma yanzu wai sun kawo ci gaba: kowace dabba aka tsinta, sai su ɗauke ta hoto gaba da baya, kunne da wutsiya, su baza. Wa ya rage da ba zai iya siffanta ta ba?

A watan jiya aka tsinci karsanar Inna Tabawa, tsohuwar nan ta wajen Kiéché mai riƙon marayun ɗanta. Karsanar ita ke nan gare ta. Kafin labari ya kai mata, wani ya riga ya zo da wayar talho a hannu, ya karanto shaidunta tsaf, suka kwance masa igiya. Na kira shugaba, sai ya kama yi mini faransanci. Raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

Na ajiye aikin Yamai. Kar ka ce na yi gaggawa, ai ka san halina. Zan tsaya gaban taron ƙungiya in nemi a mayar mini da shafin. In sun ƙi, in gina wani, in hau kabu-kabu in bi kasuwannin da kaina. Na riga na kai maganar karsanar ga jandarma, dillalai kuma suna sa ido.

Jiya na je gidan Inna Tabawa. Ashe ba ta ji rasuwarka ba, ni kuma bakina ya yi nauyi. Ta riƙe hannuna tana roƙo a gaya wa mai moton nan, don ta san in ya ji ba zai zauna ba.

To, na gaya maka. Sauran nawa ne.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka